Yumɓun roba: Yadda sinadarin da masana'antu suka yar ya zama jarin masu ƙera dodanni da 'yan kunne

Duk wanda ya saba leƙa Instagram ko TikTok ba zai rasa cin karo da su ba: 'yan kunne masu fadi da launuka kala-kala, sarƙoƙin wuya masu zanen furanni, ko wani ƙaramin maciji mai fukafukai irin na tatsuniyar Turawa da ya naɗe a kan yatsa. Mai kallo kan zaci ƙarau ne ko tangaran. Mafi yawansu kuwa da yumɓun roba aka yi su, wato abin da ake sayarwa a kasuwannin duniya da sunaye irin su Fimo, Sculpey, Premo, Cernit da Kato.

Sunan yumɓu dai aro aka yi masa, domin babu ƙwayar ƙasa a cikinsa. Garin robar PVC ne, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa da wani sinadari mai maiƙo da ke sa shi laushi, sannan aka zuba launi. Tun da ba ruwa a jikinsa, ba ya bushewa a iska. Mai aiki zai iya fara siffa yau, ya rufe ta, ya dawo bayan mako guda ya tarar da ita da laushinta. Sai an gasa shi yake ƙamewa, kuma zafin da yake bukata bai wuce na tanderun girki ba: tsakanin digiri 110 zuwa 150 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon kamfanin da ya yi shi. Tukunyar ƙasa kuwa, irin wadda marigayiya Ladi Kwali ta yi suna da ita har hotonta ya hau takardar Naira 20, tana bukatar wutar da ta ninka wannan sau da dama.

Waɗannan abubuwa biyu, wato rashin bushewa da sauƙin gashi, su ne suka fitar da sana'ar daga hannun masu manyan ɗakunan aiki, suka kai ta teburin cin abinci na ma'aikacin da ba ya samun sarari sai bayan an tashi daga ofis.

Gado daga Jamus da Amurka

Tarihin yumɓun ya faro ne daga Jamus. A 1939, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kayan aiki suka yi wuya, shahararriyar mai ƙera 'yar tsana Käthe Kruse ta gwada wani sabon sinadari da nufin yin kawunan 'yan tsanarta. Bai yi mata ba, sai ta ajiye shi. 'Yarta Sophie, wadda ake yi wa laƙabi da Fifi, ita ce ta ɗauke shi ta ci gaba da gwaji, tana haɗa shi da launuka tana yin kayan ado. A 1954 ta fara sayar da shi da sunan Fimoik. Bayan shekara goma kamfanin Eberhard Faber mai yin fensir ya sayi fasahar, ya inganta ta, ya fito da ita kasuwa a 1966 da sunan Fimo. A yau kamfanin Staedtler ne ke da wannan suna.

A Amurka ma kusan haka labarin yake. A shekarun 1960 wani kamfani a jihar Illinois ya haɗa sinadarin da zai riƙa janye zafi daga cikin taransifomar lantarki. Bai biya bukata ba, aka jingine shi, har sai da aka lura cewa yana mulmuluwa kuma yana ƙamewa idan an gasa. Daga nan Sculpey ya samo asali, wanda kamfanin Polyform Products ya yi suna da shi.

An daɗe ana yi wa yumɓun kallon kayan wasan yara. Littafin Nan Roche mai suna The New Clay, wanda ya fito a 1991, na cikin abubuwan da suka sauya wannan kallo, domin ya tattara dabarun aikin ya nuna cewa za a iya yin kayan ado masu daraja da shi. A 2011 gidan adana kayan fasaha na Racine da ke jihar Wisconsin ya shirya babban baje koli mai taken Terra Nova, wanda aka keɓe wa ayyukan yumɓun roba kaɗai.

Yadda ake gina dodo

Masu ƙera halittun almara sun rungumi wannan yumɓu saboda yana karɓar zane komai ƙanƙantarsa: ɓawon jikin maciji, tamojin fuskar tsohuwa, jijiyar fiffike. Kuma ba ya tsukewa sosai bayan gashi, don haka abin da aka sassaƙa shi zai fito daga wuta. A masana'antar fina-finai ana amfani da nau'in Super Sculpey wajen yin ƙaramin samfurin halitta, wanda darakta zai juya ya duba ta kowace fuska kafin a kashe kuɗi a kan babban aiki. Wendy Froud, wadda ke cikin ayarin da ya ƙera Yoda na fim ɗin Star Wars na 1980 kuma ta yi aiki a The Dark Crystal na 1982, ta shahara daga baya da 'yan aljanun tatsuniya da take sassaƙawa da yumɓun roba.

Aikin kan fara ne daga ƙashi. Mai ƙira zai lanƙwasa waya ya fitar da gadon baya da ƙafafu da wutsiya, sannan ya dunƙule takardar alminiyam, irin wadda ake naɗe abinci da ita, ya cike ciki da kai. Wannan yana rage yawan yumɓun da za a ci, yana rage nauyi, yana kuma hana matsalar da ta fi damun sababbin hannu: idan siffa ta yi kauri da yawa, waje zai gasu ciki bai nuna ba, sai ta tsage. A kan wannan ƙashi ake shimfiɗa yumɓu siriri, galibi bai wuce kaurin milimita 6 zuwa 12 ba.

Ƙwararru ba sa gasa komai a zama ɗaya. Sukan gama kai su gasa, su ɗora jiki su sake gasawa, sannan su zo kan yatsu da fukafukai. Yumɓun yana jure shiga wuta sau da yawa muddin zafin bai wuce ƙa'ida ba, kuma hakan ke hana babban yatsa ya lotsa fuskar da aka kwashe sa'o'i ana gyarawa. Idanu kan kasance na gilashi, tun da gilashi ba ya narkewa a wannan zafi. Bayan an gama sai a bi da fentin akirilik, a shafa mai duhu a goge, domin ya zauna a cikin ramuka ya fito da zanen.

Kayan aikin ba su da tsada: reza, allura, tsinken sakace, buroshin haƙori don yin kaushin fata, da falon tayil da za a yi aiki a kai a kuma sa a tanderu. Wanda ya fi kowanne amfani shi ne injin murza taliya, irin wanda aka sani a gidaje da dama. Da shi ake laushin yumɓu a fitar da shi falle-falle daidai wa daida. Sai dai injin da ya taɓa yumɓu ba ya komawa kicin.

Fure dubu a cikin sanda ɗaya

A ɓangaren kayan ado, dabarar da ta fi jan hankali aro ce daga maƙeran gilashi na tsibirin Murano da ke Venice a Italiya. Suna kiranta millefiori, ma'ana fure dubu. Ana jera igiyoyin yumɓu masu launi daban-daban a tsaye har su ba da hoto idan an kalle su ta baki, kamar fure ko ganye ko tauraro. Sai a riƙa matsa wannan dunƙule ana ja a hankali, ya yi tsawo ya sirance, hoton da ke ciki yana ƙanƙancewa ba tare da ya lalace ba. Duk yankan da aka yi da reza zai fito da hoto iri ɗaya, daga farkon sandar har ƙarshenta. Wannan zane ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, domin irinsa ne a jikin duwatsun wuya na gilashi da fatake suka riƙa shigowa da su daga Venice a ƙarni na 19.

Dabara ta biyu ita ce wadda Judith Skinner ta fito da ita a tsakiyar shekarun 1990, har ake kiranta da sunanta. Ana yanka falle biyu masu launi daban a siffar kusurwa uku, a haɗa su, a ninke, a tura cikin injin taliya sau ashirin ko fiye ta fuska ɗaya. Abin da zai fito shi ne falle guda da launinsa ke sauyawa sannu a hankali daga wannan zuwa wancan, babu layin da ya raba su.

Da irin waɗannan haɗe-haɗe ana kwaikwayon murjani, hauren giwa, dutsen ado, fata da katako. Abin da ya sa mata suka karɓi 'yan kunnen yumɓu hannu bibbiyu shi ne rashin nauyi: ɗan kunne mai faɗin tafin jariri ba ya jan kunne. Kasuwarsu ta bunƙasa a lokacin kullen korona na 2020, sa'ad da mutane da yawa suka koyi aikin a gida suka fara tallata shi a Etsy da Instagram.

Ga wanda, saboda dalilin addini, ba ya son ƙera siffar abu mai rai, wannan ɓangare fili ne mai faɗi. Furanni, ganyaye, zanen dagi da sauran zane-zanen da ake gani a jikin hula da babbar riga duk suna zama daram a cikin sandar millefiori.

Inda aikin ke lalacewa

Wuta ce ke yanke hukunci. A lokacin gashi ƙwayoyin PVC suna shanye maiƙon da ke kewaye da su, su kumbura su manne da juna su zama jiki ɗaya. Idan zafi ko lokaci bai kai ba, mannewar ba ta cika, sai kayan su fito da kyau a ido amma su karye a hannun mai saye. Ɗan kunnen da ya gasu yadda ya kamata yana lanƙwasuwa kaɗan ya koma yadda yake. Fimo na bukatar digiri 110 na minti 30, Premo kuma digiri 130 na minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Idan kuma zafi ya zarce har yumɓun ya ƙone, zai yi baƙi ya fitar da hayaƙi mai ɗauke da iskar haidurojin kulorayid, wadda ke cin ido da maƙogwaro. Abin yi a nan shi ne kashe tanderu, buɗe tagogi da ficewa daga ɗakin.

Saboda haka ma'aunin zafi na cikin tanderu ya zama dole, domin lambar da ke jikin maɓallin tanderu sau da yawa ba ta dacewa da ainihin zafin ciki. A Najeriya akwai ƙarin matsala. Ɗaukewar wutar lantarki a tsakiyar gashi na nufin a sake ƙidayar lokaci daga farko, tanderun gas kuma yana da wuyar tsayawa a ƙaramin zafi. Yumɓun da aka bari a cikin mota a zafin Maris da Afrilu na Abuja zai iya fara ƙamewa tun yana cikin ledarsa. Kuma tun da manyan kamfanonin da ke yin sa suna Turai da Amurka, farashin ɗan ƙaramin ƙulli mai nauyin giram 57 yana tafiya ne da farashin dala.

Akwai kuma batun lafiya. A da ana laushin yumɓun da sinadaran da ake kira fitalet, waɗanda Tarayyar Turai ta taƙaita wasunsu a kayan wasan yara a 2005, Amurka ma ta bi sahu a 2008. Manyan kamfanonin sun sauya haɗinsu, amma yumɓu mai araha da ba a san inda ya fito ba, babu mai iya ba da tabbaci a kansa. Ko mai kyau ne, ba a yin kofi ko kwanon cin abinci da shi. Ƙarfen da ke shiga hujin kunne shi ma abin lura ne, domin wanda ke ɗauke da nikel yana sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da kumburi.

Abin da doka ta ce

Ma'aikacin gwamnati da ke tunanin mayar da wannan sha'awa hanyar samun kuɗi yana da abin dubawa kafin ya buɗe shafin talla. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Ƙera abin wuya don kai ko don kyauta ba ya cikin wannan hani, amma karɓar oda da sayarwa wani abu ne daban. Ga mai shirin ritaya kuwa, ko iyalan ma'aikaci, ko matashin da ya gama hidimar ƙasa yana jiran aiki, ƙofar a buɗe take.

Sai haƙƙin mallaka. Halittun da suka fito a fina-finan Disney ko wasannin kwamfuta suna da masu su, kuma sayar da kwafinsu ba da izini ba keta doka ne, a ƙasashen waje da kuma a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta Najeriya. Masu ƙirar da suka yi suna a duniya da halittun da suka ƙirƙiro da kansu suka yi shi. Mai ƙira a nan gida yana da Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami, waɗanda kowane yaro ya ji labarinsu, kuma babu kamfanin da ya riga shi tsayar da kamanninsu.