Ko Kun Sani?

Duk ƙaramar motar fetur da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ke nan tsohuwar 'yar Kwatanon da ke ƙofar gidanku tana iya faɗin ciwonta da bakinta, muddin aka jona mata na'urar karanta lamba.

Idan ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ba ta cin wuta daidai. Ku musanya fuloginta da na ta biyu. In lambar ta koma P0302, laifin fulogi ne kawai. Ku gwada wannan kafin ku yarda a sauke muku inji.