Gidan likitan da kuke zuwa yana aiki da kyau? Ga yadda za ku gane



A yawancin garuruwanmu, idan ciwo ya taso ba babban asibiti ake fara zuwa ba. Ƙaramar likitar ƙauye ake nufa, ko CSI, ko kabine mai zaman kansa idan a birni ne. Nan ake yanke shawarar farko: a ba da magani a koma gida, ko a tura mutum gaba. In wannan shawara ta karkace, yaron da maganin kwana 3 zai warkar sai ya isa asibitin gunduma jini ya ƙare mishi.

Da yawa daga cikinmu muna auna gwanintar likita da yawan allura, da ƙarin ruwa, da tsawon odonas. Har ka ji ana cewa wane bai iya aiki ba, ƙwaya kawai ya ba mu. Wannan ma'auni yana cin kuɗi, kuma yana iya cutarwa. Allura da ruwa na wanda ciwo ya yi wa tsanani ne, ko wanda ba ya iya haɗiyar magani.

Abin dubawa na farko shi ne tambaya da awo. Ma'aikacin kirki zai tambayi yaushe ciwon ya fara, da abin da aka riga aka sha a gida. Zai auna zafin jiki, ya ɗora yaro kan sikeli, don maganin yara da nauyinsu ake lissafa shi. Babba kuma a auna mishi tansiyon. Idan ta kai 14/9 ko ta wuce, a sake aunawa wata rana kafin a ce yana da hawan jini, sai fa in ta hau ƙwarai. Wanda ya fara rubuta odonas tun ba ku gama zama ba, ku yi hattara da shi.

Masassara ita ce ta fi kai mu likita, musamman da damina zuwa kaka. Ƙa'ida ita ce a yi gwajin jini na yatsa, wanda ake ce wa TDR, kafin a ba da maganin masassarar cizon sauro. Minti 15 zuwa 20 sakamako ke fitowa. In ya nuna akwai ciwon kuma bai yi tsanani ba, ƙwayoyi irin su Coartem ake bayarwa, sau 2 a rana har kwana 3, a shanye duka ko da jiki ya yi sanyi. In gwaji bai nuna komai ba, aikin likita bai ƙare ba: sai ya duba kunne, maƙogwaro, ƙirji da fitsari, ya nemo mafarin zafin.

Yaro mai tari, a ɗaga rigarshi a ƙirga numfashinshi na minti guda. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Wannan ƙirga ce ke raba mura da ciwon huhu mai buƙatar amoksisilin. Mai zawo kuma, ruwan gishiri da sukari na SRO da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 su ne kan gaba. Sannan yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 5 a zagaya mishi ma'aunin damtse. In ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a sa shi cikin tsarin kulawa ranar nan.

Mai ciki da ta je awo, bai kamata a shafa ciki kawai a sallame ta ba. A auna tansiyon da nauyi, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, da rigakafin masassara na Fansidar daga wata na 4, da allurar tetanus, a rubuta komai cikin karne tare da ranar dawowa.

Ku buɗe ido kuma kan tsabta. Sirinji sabo za a ɓare a gabanku, a jefa shi cikin kwalin da aka tanada bayan an gama. A samu ruwa da sabulu na wanke hannu. Rigakafi a firiji ko akwatin sanyi yake zama. Sirri ma yana cikin aiki: ba a tambayar mace ciwonta mutanen layi na ji.

Sai maganar kuɗi. Tun shekarar 2006 Nijar ta mayar da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta a gidajen likita na gwamnati, tiyatar haihuwa ma kyauta ce. Gaskiya ne magani kan yanke, sau da yawa saboda jinkirin biyan gidajen likita kuɗin aikin da suka yi kyauta, kuma wannan ba laifin majo ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ce babu, ya rubuta muku odonas ku saya a farmasi, da wanda ya ce babu sannan ya zaro maganin daga aljihu ya sa mishi kuɗi. Duk abin da kuka biya, ko dala ashirin ce, ku karɓi resi. A kabine mai zaman kansa ku tambayi farashi tun farko. Kuna da damar tambayar takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar kiwon lafiya, da sanin ko mai duba ku lokotoro ne ko anfirme.

Babbar alama ita ce sanin iyaka. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amai da duk abin da ya sha, ko ya langaɓe ba ya farkawa sosai, da macen da ke zubar da jini ko naƙuda ta yi mata tsawo, ba na riƙewa ba ne. Ma'aikacin kirki zai ba da taimakon farko, ya rubuta takardar turawa, ya ce ku kama hanyar asibitin gunduma ko cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Wanda ya tura ku da wuri ya san aikinshi. Wanda ya riƙe mara lafiya kwana da kwanaki yana ta ɗaura ruwa, jiki na ƙara lalacewa, shi ne abin tsoro.

Ƴan uwa na waje, idan an kira ku kan kuɗin magani, ku aiko, amma ku haɗa da tambaya. Wane gwaji aka yi? Me aka ce sunan ciwon? Yaushe aka ce a koma? Ku ce a ɗauki hoton odonas da resi a turo ta WhatsApp. In an kwana 2 ana shan magani babu sauƙi, ku matsa a koma likita, kada a bi mai tallar magani na kasuwa.

In kun ga abin da bai dace ba, ku fara da majo cikin mutunci. In bai gyaru ba, akwai kwamitin COGES da mutanen gari ke ciki, sama da shi akwai babban likitan gunduma. Ku riƙe rana da resi, don koke mai shaida ya fi saurin samun kunne. Ku tuna kuma wani ma'aikacin shi kaɗai ne a ƙauye, dare da rana. Wanda ya yi aiki da gaskiya a yaba mishi a gaban jama'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.