Yadda rukunin mota ke sauya harajin akori-kura da jif a Jihar Filato

A Nasarawa Gwom da sauran unguwannin Jos ta Arewa, akori-kura irin su Toyota Hilux da manyan motocin jif sun zama jarin iyalai da dama. Su ne ke iya shiga hanyoyin gonakin Bokkos da Mangu da damina, su ɗauko dankalin Turawa da kabeji da tumatir zuwa kasuwar Farin Gada. Sai dai motoci biyu iri ɗaya kan je sabunta takardu, kuɗin da aka caji masu su ya bambanta. Dalilin yana cikin rukunin da aka rubuta wa kowace mota ranar rajista.

Dokar haraji ta 1998, wadda ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ta bai wa jihohi ikon karɓar harajin hanya. A Filato, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, PSIRS, ke karɓar kuɗin rajista da lasisin mota, jami'an VIO na duba lafiyarta, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, kuma na kula da tsarin lambobi. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar wa ƙananan hukumomi lasisin abin da ba shi da inji, kamar keke da baro da amalanke.

Abubuwa uku ne ke tantance rukunin mota. Na farko shi ne girman inji, wanda ake aunawa da lita. Kuɗin lasisi kan ƙaru idan injin ya girma, don haka Corolla mai lita 1.8 da Hilux mai lita 2.7 da Prado mai lita 4.0 ba sa zama a mataki ɗaya. Na biyu shi ne ƙirar jiki: jif motar ɗaukar mutane ce, akori-kura kuwa ta ɗaukar kaya ce. Na uku, wanda ya fi tasiri ga aljihu, shi ne aikin da motar za ta yi. Launin rubutun lamba ne ke nuna shi: shuɗi na motar gida, ja na motar haya, kore na motar gwamnati.

Ƙarfin shiga laka da hawan dutse bai zama rukuni na kansa ba. Motar da ke shafe mafi yawan kwanakinta a gona ko a wurin haƙar ma'adinai, da zarar ta hau titin jama'a, dole ta kasance da rajista da lasisi da inshora. Idan ta haya ce, akwai ƙarin takardar izinin haya, kuma ana sabunta takardar lafiyarta duk wata shida.

Bambancin ya fi fitowa fili a inshorar dole, wadda ke biyan diyya ga wanda mota ta yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita na biyan naira 20,000, yayin da motocin dakon kayan jama'a ke biyan naira 100,000. Tazarar da ke tsakanin manomin da ke kai amfanin gonarsa kasuwa da direban da ke dakon kayan wasu don a biya shi tana da faɗi.

Rarraba motoci kan fara ne tun daga tashar jiragen ruwa, inda Hukumar Kwastam ke bai wa motar fasinja da ta kaya da tarakta lambobin haraji daban-daban. Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage harajin shigo da tarakta daga kashi 35 zuwa kashi 5 cikin 100, na motocin ɗaukar kaya kuma daga kashi 35 zuwa kashi 10.

Wannan tazara ce ke sa wasu yi wa akori-kura rajistar motar gida alhali dako take yi, sun manta cewa araha ba ta ado. Jami'an hanya na iya tsare motar da aikinta ya saɓa wa takardunta, kayan gwari kuma ba sa jure kwana a ofis. Idan aka yi haɗari, kamfanin inshora na iya ƙin biyan diyya saboda an yi amfani da motar ta hanyar da yarjejeniya ba ta ƙunsa ba, nauyin ya faɗa kan mai motar. Tun 1 ga Fabrairun 2025 ne rundunar 'yan sanda ta tsaurara binciken wannan inshora a faɗin ƙasa.

Mai sayen tsohuwar jif ko akori-kura na buƙatar gwada lambar inji da ta gangar jiki da abin da ke takarda, ya tabbatar girman injin da aka rubuta shi ne ke cikin motar, musamman idan an taɓa sauya shi. Wanda kuma ya mayar da motar gida ta haya, hanyarsa ita ce ofishin lasisi, domin a sauya mata rukuni da lamba kafin ta ɗauki buhun farko.