Yadda Agogon Hannu Ke Ƙirga Numfashinka Kana Barci

Agogo yana ɗaure a tsintsiyar hannu, huhu kuma yana can cikin ƙirji. To ta yaya waya take nuna maka da safe cewa ka yi numfashi sau 14 a minti ɗaya cikin dare?

Hanya ta farko ta bugun zuciya ce. Duk lokacin da ka shaƙi iska zuciya takan ɗan ƙara sauri, in ka fitar kuma ta ɗan lafa. Hasken nan da ke bayan agogon yana haska fata ne don ya ga yadda jini ke gudana. Daga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu manhaja take lissafa numfashin, bayan agogon ya tura mata bayanan ta Bluetooth. Haka Fitbit yake aiki. Shi kuwa Apple Watch, na'urar jin motsi da ke cikinsa ce take kama ɗan motsin da numfashi ke haifarwa a jiki. Shi ya sa sai kana barci suke awon, domin kai-komon hannu da rana yana dagula lissafin.

Baligi mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti idan yana hutawa. Amma abin lura shi ne naka adadin da ka saba gani. Idan kullum 13 ne, sai ya koma 18 dare biyu a jere, wataƙila zazzaɓi ko ciwon ƙirji ne ke tafe.

Inda abin ya fi amfani shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda masu yawan minshari kan yi fama da ita ba su sani ba, kuma tana da alaƙa da hawan jini. A 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince wa Samsung da Apple su riƙa gargaɗi a kan wannan matsala. Na Apple sai ya tara bayanan kwana 30 kafin ya ce uffan. Gargaɗi ne kawai, likita ne zai tabbatar.

Kafin ka saya, duba ko an buɗe wannan tsarin a ƙasarka, don ba ko'ina yake aiki ba. Sannan tunda da shi za ka kwana, sai ka nemi cajinsa da rana, in an kawo wuta.