Tallafin gasa ga kasuwancin al'umma: Ba a fafe gora ranar tafiya

A ranar 1 ga Janairun kowace shekara, Gidauniyar Tony Elumelu kan buɗe shafinta na TEFConnect domin karɓar takardun masu neman jarin dala 5,000 da ba a mayarwa. Tun da aka fara shirin a 2015, da alƙawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara goma a kan 'yan kasuwa 10,000 na ƙasashen Afirka 54, dubun dubatan mutane ne ke cike fom, kaɗan ne ke tsallakewa. A cikin masu zuba ido har da ma'aikatan ofisoshin Abuja da ke hango ritaya, da hadiman 'yan siyasa waɗanda suka san cewa kujerarsu na tafiya ne da ta maigida.

Da yawa daga cikinsu na sha'awar abin da ake kira kasuwancin al'umma, wato sana'ar da ke sayar da kaya ko hidima ta ci riba, amma an kafa ta ne domin magance wata matsala ta jama'a. Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a 2012, yana bai wa ƙananan manoman masara a Jihar Kaduna bashin iri da taki, sa'annan ya nema musu kasuwa. ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu yana girka ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, mai tumatir ya biya kuɗin ajiya a kan kowane kwando. LifeBank na Temie Giwa-Tubosun, mai kai jini asibitoci, ya ci dala 250,000 a gasar da gidauniyar Jack Ma ta shirya a Accra a 2019. Duk ukun sun zo gaban masu ba da kuɗi ne da aikin da ake iya gani, a taɓa, a ƙirga.

Gasa ta ƙara zafi

Tun bayan da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, ta kuma rushe hukumar USAID a shekarar ta 2025, ƙungiyoyin da suka saba shan ruwa a wannan rijiya sun koma wawaso a sauran da suka rage. Sabon shiga yau yana karawa ne da tsofaffin hannu masu akanta da rahoton shekaru.

Tarihin gida ma ya nuna yadda ƙofar take da ƙunci. A zagayen farko na gasar YouWiN da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar a 2011, kusan mutum 24,000 ne suka nema, 1,200 suka samu. Ba a kuma damƙa musu kuɗin a dunƙule ba: kashi-kashi aka riƙa biya, sai an tabbatar mutum ya cika sharaɗin wannan mataki kafin a sakar masa na gaba. Binciken da masanin Bankin Duniya David McKenzie ya yi daga baya ya gano cewa kamfanonin da suka samu kuɗin sun fi takwarorinsu ɗorewa da ɗaukar ma'aikata. Tallafin yana aiki, amma amana ce mai igiya, ba rabon ganima ba.

Tambayar farko ga ma'aikacin gwamnati

Kafin a kai ga fom, akwai shingen doka. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki shiga gudanar da kowane kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun yarda ma'aikaci ya mallaki hannun jari, amma ba su yarda ya zama darakta a kamfani mai zaman kansa ba. Kasancewar kasuwancin na taimakon jama'a ne bai cire shi daga wannan hukunci ba.

Ke nan hanyoyi uku ne a gaban ma'aikaci. Ko dai ya tsaya a harkar noma, ko ya zuba jari ya bar ragamar a hannun wani da gaske, ko kuwa ya yi amfani da shekarunsa na ƙarshe a ofis wajen nazari da tanadi har ranar da zai cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya. Sanya sunan mata ko ƙane a takarda alhali shi ne ke juya akalar komai ba mafita ba ce. Fom ɗin bayyana kadarori na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ya haɗa da dukiyar mata ko miji, masu ba da tallafi kuma sukan tambaya ƙarara ko akwai jami'in gwamnati a cikin masu kamfanin. Wanda ya ɓoye, aka gano, ya yi asarar kuɗin da mutuncinsa gaba ɗaya. Haka nan hadimin da ya nemi tallafi daga shirin da ofishin maigidansa ke kula da shi ya faɗa tarkon cin tuwo biyu da dokar ta haramta.

Wace riga kamfanin zai sa?

Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta ware wa kasuwancin al'umma rajista ta musamman ba, don haka dole a zaɓa daga abin da ke akwai a hukumar CAC. Kamfani mai hannun jari yana iya raba riba da jawo masu zuba kuɗi, amma wasu gidauniyoyi ba sa bai wa irinsa tallafi. Kamfanin lamuni ba ya raba riba ga mambobinsa, kuma rajistarsa na bi ta ofishin Antoni Janar na Tarayya. Ƙungiyar amintattu ta fi dacewa da aikin jinƙai zalla, ga kuma rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, wadda bankuna ke nema kafin buɗe asusu. Kowace sanarwar gasa tana faɗin irin wanda take so, kuma takardar da ba ta cika wannan sharaɗi ba ba ta isa teburin alƙalai.

Abin da alƙalai ke nema

Wanda ke duba ɗaruruwan takardu ba ya da lokacin dogon bayani a kan talaucin Nijeriya. Ya riga ya san shi. Yana son ya ji unguwa ko kasuwar da matsalar take, mutum nawa aka riga aka yi wa hidima, nawa suka biya, nawa aka kashe a kan kowane ɗaya, da yadda aikin zai ci gaba ranar da tallafin ya ƙare. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: rasit ɗin wata shida da bayanan asusun banki na kamfani, wanda ba a gauraya da na aljihu ba, sun fi shafi ashirin na alƙawari nauyi.

Kasafin kuɗi ma yakan tona asiri. Idan kuɗin da za a bayar dala ne, sayayya kuma da naira, sai a bayyana farashin canjin da aka yi lissafi da shi, domin faɗuwar naira tun daga 2023 ta rusa kasafai da dama. A nan ma'aikacin gwamnati yana da fifikon da bai cika lura da shi ba: ya saba da rubuta takardar neman amincewa, da adana fayil, da mayar da bayanin yadda aka kashe kuɗi.

A kula kuma da 'yan damfara. Gasar Elumelu ba ta karɓar ko sisi a wurin mai nema, kuma saƙon WhatsApp da ke neman kuɗin fom ko lambar sirrin banki da sunan tallafi tarko ne.

Rajista, lambar haraji, asusun kamfani da littafin ciniki duk suna cin watanni, alhali shafin gasa makonni kaɗan yake yi a buɗe. Mai niyyar nema a Janairu mai zuwa, yanzu ne lokacin buɗe fayil ɗinsa.