Albashin da Ya Maƙale da Ƙarin da Bai Cika Ba: Hanyar da Ɗan Ƙungiya Zai Bi

Matsalar albashi iri biyu ce. Ta farko kowa na ganinta: wata ya ƙare, kuɗi ba su shigo ba. Ta biyu kuwa ɓuya take yi. An yi wa ma'aikaci ƙarin girma, ko an ɗaga albashin kowa, amma shi aka bar shi a tsohon mataki. Irin wannan kuskure kan yawaita a lokacin sauya jadawalin albashi, kamar yadda aka yi a Nijeriya sa'ad da mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a 2024.

Kada a raina ɗan giɓin da ake gani a wata. Alawus da yawa a kan tushen albashi ake lissafa su. Haka ma fansho: dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Idan matakin ya karkace, asusun tsufa ma ya karkace, kuma wanda ya yi shiru yau zai ji a jikinsa ranar ritaya.

Matakin farko shi ne tara takardu: ta ɗaukar aiki, ta ƙarin girma mai ɗauke da ranar da ƙarin ya fara aiki, takardun albashi na wata-wata, bayanin asusu daga banki, da jadawalin da ƙungiya ta sa wa hannu. Sai a jera watannin, a rubuta abin da ya kamata a biya da abin da aka biya. Bambancin shi ne ariyas ɗin da ake bi. Daga nan a rubuta ƙorafi zuwa sashen albashi, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a riƙe. Alkawarin baki na "za a duba" ba ya zama hujja a gaban kowa.

Tun a wannan mataki ya kamata shugaban reshen ƙungiya ya sami kwafi. Shi ya san abin da yarjejeniya ta ƙunsa, shi ne kuma zai gano ko mutum ɗaya abin ya shafa ko ma'aikata ɗari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: fayil ɗin mutum guda yana iya kwana a aljihun tebur, amma wasiƙar ƙungiyar malamai ta NUT ko ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE da wuya a ƙi amsa ta.

Wani lokaci kuskuren kan juya, a biya mutum fiye da haƙƙinsa, daga baya a zo zaftarewa. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ta iyakance wannan ga rarar da aka biya cikin watanni uku kafin a gano kuskuren, ta kuma hana jimillar cire-cire ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin wata.

Idan zaman cikin gida ya faskara, dokar sasanta rikicin ƙwadago ta 1976 ta shimfiɗa hanya: mai shiga tsakani, sai Ministan Ƙwadago, sai kwamitin sulhu, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba wannan kotu hurumin sauraron shari'ar albashin da ba a biya ba, kuma ma'aikaci ɗaya ma yana iya shigar da ƙara. Yajin aiki yana zuwa ne bayan an bi waɗannan matakai. A kowanne daga cikinsu, abin da za a fara tambaya shi ne takardun nan da aka tara tun watan farko.