Ƙaho ba ya sauke hawan jini

Daga kasuwar Madawa zuwa Buza da Keita ana yawan cewa hawan jini, jini ne ya yi wa mutum yawa, don haka sai wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe "mataccen". Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana sa mutane jinkirin zuwa likita har ɓarin jikinsu ya shanye.

Jinin baligi wajen lita 5 ne, da mai hawan jini da marar shi kusan duk ɗaya. Zuciya na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti tana tura shi cikin jijiyoyi, su kuma ƙananan jijiyoyin suna da tsoka a jikinsu, suna tsukewa suna saki gwargwadon buƙatar jiki. Duk mai ban ruwan albasa a fadamar Tarka ya san in ya matse bakin tiyo ruwa ke fita da ƙarfi, inji ya wahala, alhali rijiyar ba ta ƙaru ba. Haka zuciya ke shan wuya in jijiyoyi suka tsuke ko suka yi tauri. Ɗan jinin da ƙaho ke ja daga fata ba ya buɗe su.

Maganar cewa gishiri na ƙara hawan jini kuwa gaskiya ce. Yana riƙe ruwa a jiki, ƙoda ce ke fitar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda, har da na dunƙulen miya. Kanwa ma 'yar gidansu ce, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta likita a ranar.

Zoɓo na ɗan rage hawan jini, amma bai isa ya maye gurbin ƙwaya ba. Rashin ciwon kai ma ba shaidar warkewa ba ce, don cutar kan yi shekaru ba alama. Awo kaɗai ke nuna ta: in ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 a ranaku dabam-dabam, sai a fara magani, kuma kada a daina sai likita ya ce.